Mazaunin Zaren da Baba Ya Ƙera Yana Ɓata Mini Aiki

Assalamu alaikum Anti Nafisa. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gidanmu.

Ni ɗiya ce ga wani dattijo mai gyaran keke a Ƙofar Marke. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san rumfarsa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun hagu ya daina aiki, aka rufe rumfar. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma sai kwanciya a zaure, ko rediyo ya daina kunnawa.

Ni kuwa bayan na gama karatu na sayi firintar 3D, wani ƙaramin inji da ke narkar da zaren roba yana gina abu da shi layi bisa layi. A ɗakina take, kan tebur. Da ita nake yin maƙalan makulli da abin fitar da surar cincin, kuma ba yabon kai ba, aikina yana da kyau. Har wata makaranta a Mabera ta ba ni aikin yi mata siffar zuciya da ƙasusuwan mutum don koyar da ɗalibai. Irin wannan aiki yana cin zare, sai na koma sayen manyan naɗi, waɗanda suka fi ƙarfin ɗan maratayin da ya zo da injin.

Ina yi wa Inna ƙorafin haka a tsakar gida, ashe Baba yana ji. Washegari ya ce a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa, zai ƙera wa naɗin mazauni. Anti, da kin gan shi! Ya danne katako da gwiwa, yana yanka da hannu ɗaya, zufa na zuba. Ya ciro ƙarfen tsakiyar tayar keke da boris ɗinsa, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa taya juyawa, don naɗin ya riƙa juyawa a kai. Ya hana kowa sa masa hannu. Ranar da ya gama ya shafa masa koren fenti, Inna ɗaki ta shige ta yi kukanta. Yanzu duk wanda ya zo duba shi sai ya sa an fito da mazaunin, ya ce, "Ni niy yi shi, da hannu guda." Ya ma koma fita masallaci da sandarsa. Wallahi ban taɓa alfahari da wani abu kamar yadda nake yi da wannan katakon ba.

Matsalar ita ce ya ɗan karkace. In naɗin yana cike sai ya zame gefe ya riƙa goga katako, zaren ya maƙale, injin ya ci gaba da yawo a iska ba abin da ke fitowa. Zuciyar da na kusa gamawa haka ta lalace, ƙashin ƙugu ma haka. Sai na koma dabara. In Baba ya fita, in zura naɗin a muciyar Inna in ɗora tsakanin kujeru biyu, in na ji sallamarsa in yi maza in mayar. Shekaranjiya saura kaɗan ya kama ni. Makarantar kuma tana jira.

In na faɗa masa ina tsoron ya koma kwanciya. In na yi shiru sana'ata za ta mutu. Har na yi tunanin kai wa kafinta ya gyara a ɓoye. Yaya zan yi?

'Yar Mai Keke, Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Na karanta wasiƙarki ina murmushi, musamman da na zo kan muciya. Barka da samun uba irin wannan, shi ma barka da samun ɗiya mai sana'a.

Tsoronki yana da dalili. Wanda ya fara tasowa daga irin wannan ciwo, ƙaramar magana tana iya mayar da shi baya. Amma ki duba ɗaya gefen. Makaranta ta amince da ke, alkawari ne a kanki. Sannan ɓoyon nan ba zai ɗore ba, gida ɗaya kuke. Ranar da ya shigo ya tarar da muciya tana aikin da ya yi wa zufa, ko ya ga ƙusar da ba shi ya buga ba, abin da zai fahimta shi ne lallaɓa shi kuke yi kamar ƙaramin yaro. Wannan zai fi yi masa ciwo. Saboda haka ki ajiye maganar kafinta.

Babanki ya yi shekaru mutane suna dawo masa da keke suna cewa taya tana goga. Na tabbata bai taɓa ɗaukar haka zagi ba, aiki ne ya zo. Ki je masa a matsayin mai kawo gyara. Ki fara sanar da Inna, ki zaɓi lokacin da ba baƙi, ki ɗora cikakken naɗi, ki kunna injin a gabansa, ki nuna masa inda yake gogawa. Kada ki ce ya lalace, kada kuma ki cika shi da ban haƙuri. Tambayarsa za ki yi yadda za a yi. Wataƙila ɗan zobe ne zai sa a gefe, ko ya ɗaga ƙafa ɗaya, amma ki bari shi ya gano. In ana buƙatar mai riƙewa ki riƙe, shi ya ɗaure.

Makarantar kuma ki kira su yau, ki gaya musu gaskiyar ranar da za ki iya kai aikin.

In ransa ya ɓaci, ki ba shi lokaci ya huce. Haushin mai sana'a da aikinsa ya ba shi matsala ba ya daɗewa. Abin da ke kwantar da shi shi ne a daina kawo masa aiki.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa albarka a sana'arki. Ki gaishe mini da su duka.

Anti Nafisa