Hanyar Dawowa Daga Yanbu

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2025

Yau na kunyata kaina, ba da taimakon kowa ba. Ina jiran fasinja a Jarwal, nan cikin Makka, na ga wani bidiyo a waya: dogayen hasumiyoyi farare a bakin wani tafki, kowace da fitila a ka tana nuna wa jiragen ruwa hanya. Fanar, in ji yaran yanzu. Mai bayanin da Larabci yake yi tsaf, sai na ɗauka nan ne bayan Jidda kaɗan. Ban tambayi kowa ba na tura a gurup ɗin dangi cewa hutun makarantar nan zan kai 'yata Rawan ta gan su, a tasi ɗina. Aka yi ta masha Allah.

Da na dawo gida ta karɓi wayar ta duba. Ta ce, "Baba, hadi Amrika," wato wannan Amurka ce. Na ce to sai mu cika tanki sosai.

Ta yi dariya. 'Yar ƙarama, ta hanci. Rabona da jin ta tun bayan Babbar Salla da uwarta Hadijatu ta rasu.

Ni da makaranta mun rabu tun ina yaro, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. Yau ta rama.

Talata, 4 ga Nuwamba

Unguwar Shisha, Jarwal, Shisha. Na ci wani abu da rana, ban tuna ko mene ne ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Rawan ta fito falo da kanta, ba a kira ta ba. Ta ce tunda na yi alkawari a gaban mutane, ta nemo namu na gida. Wai akwai ɗaya a tashar jiragen ruwan Jidda, wani wajen Rabig, babban kuma a Yanbu, in an bi gaɓar teku an yi arewa. Ta ja layi ja a taswirar wayarta. Tana magana tana haɗa Hausa da Larabci, har da inda za mu ci kifi. Ni dai ina kallon bakinta yana motsi. Na ce to.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na kai motar wajen Munzali, bakaniken nan ɗan Maraɗi da ke Rusaifa. Ya buɗe gaba ya leƙa ya daɗe. Ya ce, "Abu Rawan, motar ce za ta je Yanbu, ko Yanbu za a kawo mata?" Na ce ya yi mata magana a hankali, ta girme shi. Zai canja tayoyin baya da bel.

Jiya ma a masallacin unguwa na yi Juma'a. Bari dai in rubuta, tunda ba mai karantawa: tun ranar da aka yi wa Hadijatu salla a Harami ban sake shiga ba. Kullum ina sauke baƙi a bakinsa, suna kuka don murna, ni ina kallon sitiyari. A asibiti ta ce mini, "Abu Rawan, in ban tashi ba ka yi mini umra." Na ce da kanta za ta yi, ni zan tura keken, ta biya ni yadda ake biyan masu turawa. Ba ta yi dariya ba. Sai na ce na ɗauka.

Ban yi ba. Ba wai ina jin wani abu ba ne. Ƙafar ce ba ta zuwa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Yaya Mujahida ta kira. Bayan ta gama yi mini tsiyar Amurka ta ce, "Lurwanu, Yanbu na ji za ku. Ka dai san gidanmu ba a wuce miƙati a shigo Makka da riga a wuya. Baba ko jinya ya dawo sai ya ɗaura harami. Ku tsaya a Juhufa, ka ga ka sauke na Hadijatu ke nan."

Na ce ina tuƙi, Yaya. Alhali a kan gado nake.

Na manta da wannan sam. Duk wanda ya fita nesa a gidanmu, in ya iso iyakar da alhazai ke ɗaukar niyya, da umra yake shigowa gari. Tun kakanmu. Juhufa kuwa tana nan gefen Rabig, a kan layin jan da Rawan ta ja.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na wuni da taswira tsakanin fasinja da fasinja, ina neman hanyar dawowa da ba ta bi ta Juhufa ba. In na zagaya ta Madina, ga miƙatin Abyar Ali. In na ɓullo ta Ɗa'if, ga Sailu. Na ce to a fasa arewa a yi kudu, can ma ai da teku. Ga Yalamlam zaune a bakin hanya. Shekara da shekaru ina kai mutane wuraren nan, yau na lura an kewaye garin ne kaf. Direban da ya san kowane lungu, ga shi ya rasa ta inda zai shiga gidansu a ɓoye.

Jidda ce kaɗai a cikin da'irar. A je a dawo da riga.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na gaya mata Jidda kawai za mu. Na ɗora wa motar laifi, Allah Ya yafe mini, an sa mata sababbin tayoyi.

Ta ce, "Jidda? Inda muke zuwa sayen labule?" Na yi wata barkwanci a kan labule, ba ta kama ba. Ta ce, "Halas, shi ke nan, Baba, ba komai." Ta shiga ɗaki.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Shiru. Firij kaɗai ke magana a gidan nan.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ina kai ta makaranta da safe, muna tsaye a danja, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Baba, na san ba motar ba ce. Gwaggo Mujahida ta gaya mini." Na buɗe baki in ce wani abu. Ta ce, "Ni ma ban shiga Harami ba tun ranar. Kai nake jira."

Danja ta ba da hannu, na baya suna ta hon. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Ban taɓa tambayarta ba. Ko sau ɗaya. Na ɗauka tana bin ƙawayenta.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun taso bayan asuba. Da muka iso mararrabar Jidda na miƙe arewa. Ta gani. Ta buɗe ledar dabino ta miƙo mini ɗaya.

Fanar ɗin Rabig ba mu same shi ba. Wani mai kamun kifi ya nuna mana wani ƙarfe can cikin ruwa, ya ce ko shi muke nufi. Rawan ta ɗauki hotonsa duk da haka.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Yanbu. Abin yana bayan shinge, daga nesa muka hango shi, bai kai rabin na bidiyo ba. Muka zauna kan motar har magariba ya kunna. Ya haska, ya ɗauke, ya haska. Ta ce, "Baba, na Amrika ya fi." Na ce wannan na talakawa ne. Ta ci kifinta ta ci rabin nawa.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Juhufa. Ina rubutu a mota, Rawan ta shiga ɓangaren mata. Haramin da na saya a shagon bakin masallaci kauri gare shi kamar tawul ɗin otal, kuma tumbina ya ƙi ba shi haɗin kai, sai da wani tsoho ɗan Masar ya ɗaure mini. Iska tana shiga ta ko'ina.

Na yi raka'a biyu. Wajen niyya na ce labbaika umratan an Hadijatu. Na tashi na dawo mota.

Ban yi komai ba tukuna. Ɗawafi yana gaba, Safa da Marwa suna gaba, da ƙofar da aka shigar da gawar Hadijatu. Ban san ko ƙafar za ta je ba. Abin da na sani, ba a kwance wannan zanen sai an je.

Ga ta nan ta fito, tana nuna mini agogo.