Mai Girkin Da Ta Daina Ɗanɗana Miya

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Ni dai lafiyata ƙalau. Kada ki biye wa ƙanwar mijinki da ta ce ta gan ni kamar tsinken tsintsiya. Da nake cika ƙofa ai ita ke kirana Buhu a gaban mutane, yanzu kuma ta samu sabon abin faɗa.

Aikina a kicin ɗin makarantar kwana yana tafiya. In girka, in raba, in wanke tukwane, in taka da ƙafa har gida, don zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Ƙamshin girki kaɗai yana ƙosar da ni.

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yau raina a jagule yake. Yara sun mayar da miya, wai gishiri kamar hauka, suka yi ta buga kwanuka. Shugabar kicin, matar nan mai faɗa kamar ta ari baki amma ba ta riƙo, ta ɗebo miyar a cokali ta miƙo mini, ta ce in ji abin da na dafa wa 'ya'yan mutane.

Yaya, na kasa. Na daɗe ina zuba gishiri da ido, ban ɗanɗana ba. Na karɓi cokalin, amma ban iya kai shi baki ba. Ji nake in na haɗiye cokalin nan kaɗai zan kumbura in koma yadda nake da. Na sani siket ɗina sai da igiya yake tsayawa, gashina yana bin mataji, amma in na duba madubi Buhu nake gani. Na ajiye cokalin na gudu sito na rufe ƙofa. Tsoro nake ji, kuma ban san wa zan gaya wa ba in ba ke ba.

Kada Mama ta ji tukuna.
Taki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kun tashi lafiya. Shugaba ba ta kore ni ba. Ta biyo ni sito ta zauna kan buhun shinkafa, ta ce miya za a gyara ta, lafiyata take tambaya. Ita ta ja ni wurin likitar makaranta. Likita ta ce ƙin cin abincin nan nawa ciwo ne sananne, a tunani yake farawa, ba iyayi ba ne, kuma zuciyata ta soma gajiya. Ta ce in je babban asibiti ranar Litinin mai zuwa. Shugaba ta ce aikina yana nan, amma ba zan ƙara riƙe ludayi ba sai na je.

Na san halina. In ni kaɗai ce, daga bakin ƙofar asibitin zan juyo. Yanzu ma kai da komo nake a ɗaki, rabina yana so in warke, rabina yana cewa lafiyata lau. Don Allah ki zo ki riƙe mini hannu. Kada ki yo mini girki, kada ki yi mini faɗa. In kin sauka a tasha kin duba ba ki gane ni ba, kada ki yi kuka a gaban mutane. Ki tsaya inda kike, ni zan gane ki.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Auta