Na Mayar Masa da Gidansa Yadda Na Same Shi

Yaya,

Mun tashi daga gidan hayar nan ranar Asabar. Uwar yara da yaran suna wani ƙaramin gari mai sauƙin haya, tafiyar awa uku daga wurin aikina. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce jikokinta lafiya lau.

Kada ki damu, inda suka kama ɗakuna biyu ne, kuma akwai iska. Ni a shago nake kwana sai ƙarshen mako. Bencin da nake kwanciya a kai bai kai tsawona ba, amma na fara sabawa. Auta ce kawai ke tambayar yaushe za mu koma gida.

Kin san shekara tara ina gyara wancan gidan da hannuna. Mai gidan ya zagaya, ya ce, "Malam, gida ya yi kyau haka, ai dole haya ta ninka." Na ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe."

Takardar haya ta ce in bar gida yadda na same shi, na kuwa bi ta sau da ƙafa. Na cire famfona da tankina, na mayar da tsohuwar ƙofarsa da ba ta rufuwa. Kwanon rufin da na saya ma na sauke, na ɗora nasa mai huda bakwai, da ma na adana masa. Hudojin suna daidai kan ɗakin da yake tara buhunan simintinsa.

Inna ta sa mana albarka, amma kada ta ji zancen rufin. Allah ya bar zumunci.

Tsohon maƙwabcinmu, tela, ya ce an yi ruwa sosai jiya. Ban ji labarin simintin ba tukuna.

Ƙaninki