Abubuwa Tara da Eskild Ya Zaɓa

Aalborg, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Gunvor,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Ingolf da yara, a can Hobart. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya raya mana Asger da Runa. Mu nan kowa lafiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa keke zuwa kasuwa, duk da likita ya ce ta dakata. Baba ya fito da kwalekwalensa daga ruwa kafin sanyi ya kankama, yana fenti yana mita. Ni kuwa ina nan yadda kika san ni: ƙananan littattafai huɗu na karance a watan nan, biyu sun sa ni hawaye a cikin bas.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar maigidana Eskild da Baba Thorkild. Na san Mama ta tsegunta miki a waya cewa sun ɓata, kuma ba na so ki zauna da rabin labari. Kin tuna dattijon nan mai farin gemu da ya yi dogon jawabi ranar aurenmu? Shi ya koya wa Eskild rubuta manhajar kwamfuta, shi ya tsaya masa lokacin da mahaifinsa ya rasu. Shekara talatin da suka wuce ya ƙirƙiro wata manhajar rubutu da masu irin aikinsu ke amfani da ita kyauta, yau su bakwai ke kula da ita, Eskild ne ƙaraminsu. Duk wanda ya ɗauko ta tsirara yake tarar da ita: baƙin allo, ba ta adana aiki da kanta, ko hanyar fita ba ta nuna wa mutum. Kowa sai ya zauna ya rubuta nasa fayil ɗin saiti, ya yi ta ƙara masa abubuwa shekara da shekaru. Na Eskild ya kai layi dubu biyu, yana ji da shi kamar yadda Mama ke ji da littafin girkin Kaka.

Ni ce silar rigimar. Na roƙe shi ya sa mini manhajar a kwamfutata, don na ga yadda yatsunsa ke rawa a kanta, na ɗauka ni ma in na zauna gabanta labarin da ke yawo a kaina zai zubo. Na rubuta shafi goma sha ɗaya, na danna wani maɓalli, komai ya tafi, ko tambayata ba ta yi ba. Ina jiran ya ce me ya hana ni adanawa. Bai ce ba. Abin da ya ce shi ne, in baƙo ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, maigidan ne ya kamata ya ji kunya.

A taronsu na gaba ya kawo shawarar a gyara saitin da sabon shiga ke tararwa. Baba Thorkild ya ƙi ƙememe. Ya ce wanda bai iya wasa wuƙarsa ba, me ya kai shi mahauta, su ma da cizon yatsa suka koya. Har ya tsokani Eskild a gaban mutane, wai amarci ya tausasa masa ƙwaƙwalwa, gobe zai ce a zana furanni a gefen allo. Ya rufe da cewa ranar da aka taɓa saitin nan, ranar zai tsame hannunsa. Daga nan ya daina zuwa shan kofi gidanmu ranar Lahadi, har mako biyar. Eskild bai yi ƙorafi ba, amma sai in ga ya sayo burodin kirfa uku kamar kullum, ya manta mu biyu ne. Yaya, ba manhajar nake tsoron ya rasa ba, uban da ya rage masa nake tsoro.

A littattafan da nake karantawa, a irin wannan gaɓar jarumi yakan buga tebur ya fice. Nawa mijin sai ya yi abin da ban taɓa karantawa ba. Ya cire fayil ɗin saitinsa na shekara goma sha huɗu daga kwamfutarsa, ya ba ni ajiya, ya ce kada in mayar masa ko da ya roƙa. Wata guda cur yana aiki da manhajar tsirara, da ɗan littafi a gefe, duk inda ta ba shi wahala ya rubuta. Sau biyu ya roƙa, ban bayar ba. Ya tara abu sittin da uku, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa: wannan buƙatar kowa ce, ko son raina ne? Ya yi ta sokewa har suka koma tara. Ga su: manhajar ta riƙa adana aiki da kanta, ta tambayi mutum kafin ta rufe, lambar kowane layi ta fito a gefe, a iya janye kuskure ko bayan an rufe fayil an sake buɗewa, layi ɗaya a ƙasa ya faɗi yadda ake fita, da wasu huɗu da ban gane ba duk da ya yi mini bayani sau uku. Koren launin rubutun allo da yake mutuwar so, da hannunsa ya soke shi. Ya kuma tabbatar wanda ke da nasa saitin ba abin da zai canja masa. Mai haƙuri, in ji manya, shi ke dafa dutse.

Sai ya hau keke ya ƙetare gada har gidan tsohon, ya ce ba gardama ta kawo shi ba, alfarma ɗaya yake nema: ya zo ya yi aikin rabin awa a kwamfutata, wadda ba saitin kowa a cikinta. Tsohon ya zo kuwa yana cika baki, ya ce in zuba kofi in zauna in ga yadda manya ke yi. Abin da ya manta shi ne rabonsa da ganin manhajarsa tsirara ya fi shekara ashirin. Hannunsa ya saba da nasa saitin, wanda ashe tun tuni yake adana masa aiki ba tare da ya sa baki ba. Ya rubuta, ya rubuta, ya rufe yadda ya saba. Da ya sake buɗewa, wayam. Eskild ya tsura wa kofinsa ido, ko murmushi bai yi ba, kuma a nan na ji na ƙara son sa. Tsohon ya sa hularsa ya fita ba sallama. Na ce a raina, garin gyaran gira mun rasa ido.

Ranar Laraba da yamma aka buga ƙararrawa. Baba Thorkild ne tsaye cikin yayyafi da faranti a lulluɓe. Kin dai san al'ada, wanda ya tafka kuskure a wurin aiki shi ke kawo wa abokan aikinsa kek. Da kansa ya gasa, na kwakwa, gefe guda ya ƙone. Ya dire shi a tebur, ya dubi Eskild ya ce, "Shekara ashirin ina kwance a inuwa ina gaya wa na rana su yi haƙuri. Miƙo takardar taka in gani, ɗan nema." Ya karanta taran, ya amince da takwas. Lambar layi ce ya ce sai dai bayan ransa, wai wanda bai san inda yake a cikin aikinsa ba, lamba ba za ta cece shi ba. Suna nan suna ta musu a kanta ta waya, safe da yamma, kowa na kiran ɗan'uwansa mai taurin kai, kuma ban taɓa jin hayaniya mai daɗin wannan ba.

Ki miƙa gaisuwata ga Yaya Ingolf, ki rungume mini Asger da Runa. Mama da Baba suna gaishe ku, haka ma Goggo Birthe, wadda ke tambayar yaushe za ku zo. Eskild ya ce in gaishe ki da kyau, da waya a kunnensa ya faɗa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Solvej