Kada a Shafe Bangon Baba Illa

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin tashar motocin ƙauye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan kwamiti. Ni ne Lawali mai rake, mai tsohuwar motar kat-kat ɗin nan fara da ke jigila daga fadamun Ɗan Barto zuwa Matamaye. Sau biyu na zo ofishinku ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Maganar bangon rumfar Baba Illa maƙeri ce, wanda kuka sa magini ya fara yaɓe shi da siminti ranar Talatar da ta wuce.

Na ɗaya. An ce mini kun ga bangon duk zane-zane, kuka ɗauka ɓarnar yara ce, kuna so a gyara shi a yi masa fenti. Ranka ya daɗe, ba ɓarna ba ce. Kowane layi da ke jikin bangon nan ma'aunin motar wani ne. Lam, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, idan suka gaji sai su miƙe, mota ta zauna. Baba Illa ke mayar musu da lanƙwasarsu da guduma. Kowace mota da tata lanƙwasa, gwargwadon kayan da take ɗauka da hanyar da take bi. Ran da ya dace da daidai, sai ya jingina ƙarfen da bango ya bi shi da ƙusa, ya yi wata alama a gefe. Alamar motarmu ɗigo uku ce.

Na biyu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara kai motar nan wurin. Ina tuna ranar kamar jiya. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a reshen dogon yaro, don a rumfar Baba Illa mai mota ne ke dukan guduma, shi kuwa yana riƙe da ƙarfe yana nuna wurin da za a buga. Wuni guda suka yi, a buga, a ɗaura, a loda rake, a zagaya, a dawo a kwance. Direbobi na zaune suna shan rake suna tsokanarsa, wai hannunsa ya saba da sitiyari ya manta aiki. Da la'asar motar ta miƙe kamar an canza ta. Mahaifina ya yi ta dariya, tafukan hannunsa duk bororo. A lokacin tashar nan gida ce. Wallahi har yau idan na ji ƙarar guduma a kan ƙarfe sai zuciyata ta karye.

Na uku. Kada a ce ai zamani ya zo da sauƙi, na gwada. Shekaru uku da suka wuce motar ta zauna, bodi na gogar taya, tanki na shafar tudun rairayi. Na ce bari in yi abin zamani. Na je Damagaram na tambayi sababbin lam da amortisa, wato ƙarafan rage jijjiga, na ɗaga mota, aka ce jika ɗari huɗu na sefa. Ni da ribata ke cikin ƙullin rake, ina zan kai wannan? Sai wani bakanike ya ba ni shawarar a sa guntayen ƙarfe a ƙarƙashin lam, jika talatin. Motar ta ɗagu kam, har ina taƙama. Mako biyu kacal, a wata kwana kafin Tsauni, ta karkace da kaya da mutum huɗu a kai, saura ƙiris mu kife. Na koma wurin Baba Illa kaina a sunkuye. Bai yi mini faɗa ba, ya nemo ɗigo uku, ya miƙo mini guduma. Ya ƙara mini ƙarfe ɗaya ɗaya na tsohuwar mota, duka aikin jika goma sha biyar. Da shi nake yawo har yau.

Na huɗu, kuma nan ne abin ya fi yi mini zafi. Idon Baba Illa ya tafi tun bara. Da yatsa yake aiki yanzu: ya bi ramin ƙusar da hannun dama, ya bi ƙarfen da na hagu, ya ce a buga nan. Wani ɗan kwamitinku ya ce mu ɗauki hoton bangon da waya, ko mu kwafe shi a takarda. Haba! Wa zai duba hoton? Magininku ya riga ya shafe kusan rabi. Masu motocin wasu layukan sun rasu, ƴaƴansu ke jan motocin, ba su ma san an binne musu ma'auni ba. Tsakanin inda siminti ya tsaya da layin mahaifina bai fi kamu biyu ba. Damina ta kusa, motata ta fara zama kuma.

Don haka ina roƙo. A tsayar da aikin nan kafin magini ya dawo. A bar abin da ya rage yadda yake, ko da bai yi kyau a ido ba. Idan fenti ake so, ga sauran bangaye uku, ni da direbobin hanyarmu za mu yi aikin da hannunmu. Sannan ina roƙonka, Alhaji, ka tako da kanka ka ga dattijon. Jiya na same shi tsaye a gaban sabon simintin, yana ta shafa shi da tafin hannu, yana neman layin motar wani bawan Allah da ya taso tun daga Dawce. Ba wanda ya iya gaya masa cewa siminti ya binne layin. Ni ma ban iya ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ƙara maka lafiya da adalci, ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Lawali mai rake,
Matamaye.