Sunanka Kusa da Nawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, tana shan maganin kuwa? A gaishe mini da Anti da yara.

Ni lafiya lau, sai dai gajiya. Kwana biyu ba na zuwa ɗakin bincike. Katina ya daina buɗe ƙofar, wai na ɗan lokaci ne.

Ka tuna maƙalar da na fitar bara, wadda na sa sunanka kusa da nawa don ta taimaka maka wajen ƙarin girma a jami'arku? Ka ce ko harafi ba ka rubuta ba, na ce ai nawa naka ne. To, mujallar ta janye ta. Sakin layi uku a ciki na wani farfesa ne. Tun shekarar farko na kwafe su a littafina ban rubuta sunansa ba. Da na dawo kansu na ga rubutun hannuna, sai na ɗauka maganata ce. Na faɗa wa kwamitin bincike haka, shugabarsu ta ce, "Mun ji, amma a takarda duk ɗaya ne."

Don Allah kada Inna ta ji. Ka ce mata karatun ne ya ƙara tsawo, ta ci gaba da addu'a.

Ranar Litinin za su rubuto wa shugaban sashenku. Na roƙi a cire sunanka, sun ƙi. Ka yafe mini, Yaya. Duk ɗawainiyar da ka yi da ni, abin da na taɓa ba ka ke nan.

Ƙanwarka