Mita Ɗaya da Rabi Tsakanina da Yaya

Adjamé Saint-Michel,
Mayu, 1998

Zuwa ga Kawu Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙafa? Malam Sha'ibu ya ce har yanzu da sanda kake fitowa shago. Allah ya ƙara sauƙi. Shi zan ba wannan takarda, tunda kullum yana kai nama kasuwar Treichville.

Kawu, tambaya ce da ni, kuma in na zo gabanka ba zan iya yi ba. Ka ji cewa Yaya za ta tafi Kazaure jinyar kakata Hajiya a ƙarshen wata. Za ta tafi da Samira, ni zan zauna in riƙa dafa wa Baba da Bilya. Ba wanda ya san ranar dawowarta. Baba ya ce sai yadda jikin Hajiya ya yi.

Ba ni da hotonta ko ɗaya. Da kyamarar da ka ba ni da sallah na ɗauki Bilya, na ɗauki Samira, har ragon layya na ɗauka. Ita ce kawai ban ɗauka ba. Ka san ni ce 'yar fari. Su Bilya suna ce mata Mama, suna hawa jikinta. Ni Yaya nake ce mata tun ina ƙarama, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". In muka haɗa ido ita ce ke fara kawar da kai. To ta yaya zan ce mata ta tsaya in kalle ta ta cikin gilashi?

Sai na hau benen Tanti Awa, maƙwabciyarmu tela, na ɗauke ta daga baranda tana dama fura a ƙarƙashin mangwaro. An wanke hoton a shagon da ke kusa da Mairie, ofishin magajin gari. Ga shi nan na sa maka a ciki. Igiyar shanya ta fito, bokitai sun fito, kajin Tanti Awa sun fito. Yaya kuwa kamar ƙwayar gero. Bilya ya ce wai ya zaci tukunya ce.

Na taɓa ganin wani dogon gilashi a shagonka da ka ce yana jawo abu kusa. Wanne ne zai jawo mini fuskarta daga baranda?

Ka gaida Gwaggo Maijidda. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Afra'u

*

Treichville

Afra'u 'yar gidan Kawu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai ta fi ni taurin kai. Da tana da kyau da na zo na ɗauki Yayar taki, Delu, da kaina, ko da yake fuskar da za ta yi mini ta rigima ce, tun muna yara haka take.

Na ga hoton. Kajin sun yi kyau ƙwarai, ki ce wa Tanti Awa ta saya.

To, saurara. Gilashin nan muna ce masa objektif, kowanne da lambarsa. Ki duba bakin naki, za ki ga 50. In lamba ta yi girma, abu ya matso. In ta yi ƙanƙanta, abu ya yi nisa, tarkace su shigo. Amma ba da ka ake zaɓa ba, lissafi ne, kuma bai fi ƙarfin wadda ta gama firamare ba.

Abu uku za ki nemo. Na ɗaya, nisan da ke tsakaninki da ita, da mita. Na biyu, tsawon abin da kike so ya cika hoton, shi ma da mita. Na uku ni zan ba ki: idan kika tsayar da kyamara a tsaye, tsawon fim ɗin 36 ne. Ki ninka nisa da 36, ki raba da tsawon abin. Amsar da ta fito ita ce lambar gilashin da kike nema.

Ki auna da gaske, kada ki ce mini "kamar daga nan zuwa famfo". Na san awon 'yan Adjamé.

Kawunki,
Abdulbaqi

*

Adjamé Saint-Michel

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya.

Na auna. Na bari sai da Yaya ta tafi kasuwa, na ɗaure igiyar shanya a ƙarfen baranda, na ja ta har kan kujerarta 'yar tsugunno. Tanti Awa ta ara mini tef ɗin ɗinki muka auna igiyar. Mita goma ce, saura kaɗan. Tanti Awa ta yi ta dariya, ta ce, "Ku Hausawa! Uwarki ce fa, ba ɓauna ba, da za ki harbe ta daga bene."

Tsawon kuma, ni na zauna a kujerar, tunda an ce tsawonmu ɗaya yanzu. Daga gwiwa zuwa saman ɗankwali, da ɗan fili a sama, mita ɗaya. Ina so ƙwaryar furar ta shiga, don ban san Yaya ba tare da ita ba.

Goma sau 36, 360. A raba da ɗaya, 360 ɗin ce dai. Na maimaita don kada in yi kuskure. Kana da mai 360, Kawu? Zan riƙe shi da kyau, zan naɗe shi cikin gyalena, ba zan bari Bilya ya taɓa ba.

An kawo tikitin mota jiya. Asabar ta sama za su tashi. Yaya ta fara ɗaure kaya, ta kuma fara nuna mini inda komai yake a kicin, tana magana tana kallon tukwane.

Ka huta lafiya.

Afra'u

*

Treichville

Afra'u,

Wa alaikumus salam. Lissafinki daidai ne, ko ni haka zan yi. Amma mai 360 sai masu ɗaukar 'yan ƙwallo a filin wasa. Tsawonsa ya kai taɓarya, kuma ba a riƙe shi da hannu sai an kafa masa ƙafafu. Ban taɓa mallakarsa ba.

Wanda kika gani a shago mai 135 ne. Na ce bari in aiko miki da shi, da sai ki tsaya kusan mita huɗu, ki ɗan laɓe bayan duron ruwa. Na buɗe akwati na ɗaga shi a rana, sai na ga laimar ruwan lagun na garin nan ta riga mu. Fumfuna ta yi saƙa a cikinsa kamar gidan gizo-gizo. Tun da ƙafar nan ta kwantar da ni ban shanya kayan ba. Duk wanda aka ɗauka da shi zai fito kamar ana kallonsa ta cikin koko.

Saura naki mai 50. Yanzu juya lissafin. Kin san lambar gilashi, kin san tsawon abu, nisa ne ba ki sani ba. Raba 50 da 36. Abin da ya fito, nan za ki tsaya. Ba ni na faɗa ba, lissafi ne ya faɗa, kada ki yi fushi da ni.

Abu ɗaya zan ƙara. Kunyar nan da kike ji, ba daga ƙasa kika tsince ta ba. Delu ma 'yar fari ce a wajen Hajiya, ni ba ita ta haife ni ba, ɗan ɗakin farko ne a gidanmu. Shekara nawa Hajiya ba ta kira sunanta ba, ga shi yau da jiki ya ƙi, ba ta nemi kowa ba sai ita.

Ki ɗauka da hantsi, inuwar mangwaro ta fi laushi a lokacin. Ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi, sannan ki danna.

Kawunki

*

Adjamé Saint-Michel

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Ɗaya da ɗigo huɗu ya fito. Na ce bari in ce mita ɗaya da rabi, don in samu ɗan sauƙi. Na auna da tef daga ƙafar kujera, na ajiye marfin kwalba a wurin. Kawu, ko tsawon tabarma bai kai ba.

Ban taɓa zama kusa da ita haka muna fuskantar juna ba. Sau ɗaya ne, da na yi zazzaɓi mai zafi ina aji huɗu, ta zauna a gefen katifata ta ɗora hannu a goshina. Ta zaci barci nake yi, ni kuma ban buɗe ido ba don kada ta tashi.

Ranar Litinin na fito da kyamara, na kai bakin famfo, na koma. Talata na kai har gindin mangwaro, sai ta ce, "Ke, miƙo ludayi." Na miƙa, na gudu ɗaki. Na lura dai ba ta share marfin kwalbar ba, alhali kullum sai ta share tsakar gida tas.

Yau da hantsi na ce ko yau ko babu. Da na fito sai na ga ta ɗaura atamfarta ta sallah, mai ruwan ganye, wai don dama fura. Na je na durƙusa a kan marfin. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da damu. Bilya ya leƙo ya ce, "Mama, Afra'u za ta ɗauke ki foto!" Ta ce, "Kai, tafi ka sayo mini ƙanƙara." Ya tafi. Muka rage mu biyu.

Na sa ido a gilashi. Yadda lissafi ya ce haka ya zama, daga gwiwa zuwa ɗankwali, da ƙwarya. Ban taɓa sanin tana da ɗan tabo a gefen gira ba. Na ga furfura guda biyu sun leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali.

Na danna na farko ban riƙe numfashi ba. Na biyu tana kallon ƙwarya. Sai ludayin ya tsaya. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "To, a yi a gama, fura za ta tsinke." Ta ɗago kai. Na danna, amma a lokacin idona ya cika, ban ga komai ba, ban san ko na daidaita ba.

Shi ke nan fim ya ƙare. Ta ci gaba da damu, ni kuma na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ga fim ɗin nan wajen Malam Sha'ibu. Don Allah kai za ka wanke da hannunka, kada a kai Mairie. Idan bai fito ba ka faɗa mini gaskiya. Ba na jin zan iya sake durƙusawa a wurin.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Afra'u

*

Treichville

Afra'u,

Wa alaikumus salam. Na farko ganyen mangwaro ne. Na biyu ya yi kyau. Na uku ba zan ce komai ba, sai kin gani da idonki.

Delu ta zo mana sallama jiya da yamma. Ta zauna muka yi ta zancen Hajiya da hanya, ba ta tambayi hoto ba, ni ma ban nuna mata ba. Sai da ta kai bakin ƙofa, ta sa takalmi, ta juya mini baya, sannan ta ce, "Ita mai ɗaukar hoton, wa zai ɗauke ta? Mutum zai yi tafiya mai nisa."

Saboda haka gobe Juma'a ki sa kayan sallarki ki zo shago da wuri, don ya bushe kafin Asabar. Ki hau bas, kada ki biyo motar Sha'ibu ki zo mini kina ƙarnin nama. Ƙarami zan wanke, wanda zai shiga jakar hannu.

Kada ki nuna mata kin sani.

Kawunki,
Abdulbaqi